Falalen Dutsen Jojiya da Garuruwan Gindinsa

Gabas da birnin Atlanta na jihar Jojiya a Amurka, tafiyar kilomita 26 ko kusa da haka, ƙasa ce mai jan yumɓu da dogayen itatuwa, ba wani tudun a zo a gani. Matafiyi yana cikin wannan kurmi sai kawai ya ga sararin sama ya toshe a gabansa. Dutse ne mai ruwan toka, sumul, ba tsini ba ƙahonni, ya yi zaune daram a tsakiyar daji. Mutanen wurin suna kiransa Stone Mountain. Daga gindinsa zuwa bisansa mita 251 ne, kansa kuma yana mita 514 sama da teku. Wanda ya ce zai zagaye shi da ƙafa sai ya shirya tafiyar kilomita 8. Ba tarin duwatsu ba ne da aka jibga wani kan wani. Curi guda ne, wanda ya mamaye fili eka 583. Abin da ido yake gani ma ƙoƙon kansa ne kawai. Sauran jikin yana binne, ya miƙe kilomitoci a ƙarƙashin gidaje da tituna da makarantun garuruwan da ke kewaye da shi. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ajiye shi a nan.

Idon Bahaushe ba zai ga baƙon abu a wurin ba. Wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja ya ga Zuma, wanda ya zauna Zariya ya san Kufena, mai zuwa Gusau kuma ya wuce ta gefen Kwatarkwashi. Duk 'yan gida ɗaya ne: duwatsun da suka daskare can cikin ƙasa, daga baya abin da ya lulluɓe su ya zaizaye, suka fito fili suka tsaya su kaɗai. Zuma ya ɗan fi na Jojiya tsayi, namu kuma sun girme shi nesa ba kusa ba, don masana suna ba su shekara wajen miliyan 600, shi kuwa wajen miliyan 300. Amma zumuncin bai tsaya ga kamanni ba.

Masu ilimin duwatsu sun ce a wancan zamani babu tekun Atlantika. Ƙasar da ta zama Afirka da wadda ta zama Amurka ta Arewa suna ta matsowa kusa da juna, 'yan santimita a shekara, har suka yi karo. Karon ba na rana ɗaya ba ne, miliyoyin shekaru aka yi ana matse juna. Gefen ƙasa ya naɗe, ya tattare, ya tashi sama, aka sami jerin tsaunukan Appalachia. Can ƙasa kuwa, a zurfin da ya wuce kilomita 10, zafi da nauyi suka narkar da dutse ya zama ruwa. Narkakken dutsen ya taru wuri guda, bai sami ƙofar da zai fito ya yi aman wuta ba, sai ya tsaya inda yake yana hucewa a hankali cikin duhu. Jinkirin hucewar nan shi ya ba ƙwayoyinsa sararin girma. Ɗauki ɓarɓashinsa a tafin hannu ka duba: ga ƙwayar ƙanƙara mai ɗaukar ido, ga wata fara dusu-dusu, ga siririn ɓawo mai ƙyalli idan rana ta doke shi. Shi ne giranit, irin dutsen da ake fasawa a kwari a yi tsakuwar kankare, irin wanda iyayenmu mata suke nema in za a yi dutsen niƙa. A wurare da dama a jikinsa akwai baƙaƙen ɗigo-ɗigo a cikin farin zagaye. Ma'adinin turmalin ne, wanda masu haƙar ma'adinai a Najeriya ma suka sani, mutanen Jojiya kuwa suna ce wa tabon sawun kyanwa.

Bayan shekara kamar miliyan 100 da karon, ƙasashen biyu suka sake rabuwa, teku ta shiga tsakani. Sai dai rabuwar ba ta bi ainihin layin haɗuwar ba. Wani yanki na Afirka ya maƙale a can. Rijiyoyi masu zurfi da aka haƙa wajen neman man fetur a kudancin Jojiya da Florida sun taɓo duwatsun da suka yi daidai da na Senegal da Gini. Ke nan tun kafin a sauke mutum ɗaya daga Afirka cikin sarƙa a gonakin shinkafa da audugar Jojiya, ƙasar Afirka ta riga shi zama a wurin da shekara miliyan 200.

Sauran aikin ruwan sama ne ya yi shi. Duk wancan kaurin dutse da ke bisa, kilomita 10 da ɗoriya, ruwa ya yi ta cin sa, koguna suna kwashe garin zuwa teku. Sannu-sannu kwana nesa. Duwatsun kewaye sun fi tsage-tsage, suka fi saurin ruɓewa. Curin giranit ɗin ya fi su jimiri, sai aka bar shi tsaye. Kewayayyen kansa ma da dalili. Dutsen da ya yi zamanai a ƙarƙashin nauyi, da aka sauke masa kaya sai ya ɗan saki jiki, fatarsa ta riƙa ɗagowa falle-falle tana bin lanƙwasar bayansa. Fallen ya tsage, ya zame, ya faɗo gindi, sabon falle ya bayyana a ƙarƙashi. Har yau abin bai tsaya ba, ido ne dai ba ya kama shi.

Ta arewa dutsen a miƙe yake tsaye, ba mai hawansa da ƙafa. Ta yamma kuwa ya kwantar da kafaɗa, nan aka bi da hanyar hawa mai tsawon kilomita 1.6. Farkonta tana ratsa inuwar itatuwa, a kan dutsen da sawun mutane ya goge har ya yi santsi, an sassaƙa masa sunaye da shekaru, wasu tun ƙarni na 19. Ana ƙara hawa itatuwa suna gajercewa, suna karkacewa, har su ƙare. Dab da bisa akwai gangaren da sai an kama ƙarfen da aka kafa, a nan ne hira take yankewa, ba ka jin komai sai haki. Wanda gwiwa ba ta yarda ba yana iya shiga ɗakin da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe, ƙirar Suwizalan, ya kai shi bisa cikin 'yan mintoci.

Mafi yawan masu hawa, da sun iso sai idonsu ya tafi nesa: ga dogayen benayen Atlanta a yamma, ga dutsen Kennesaw, in gari ya yi wasai har tsaunukan arewacin Jojiya ana hangowa shuɗi-shuɗi. A ganina kuwa abin kallon yana ƙarƙashin ƙafa. Bisan dutsen cike yake da ƙananan kwarmi, wani faɗinsa taku ɗaya, wani taku goma, zurfinsu bai wuce a nutsa hannu zuwa wuyansa ba. Ruwan sama ne ya ci su, yana narkar da ƙwayoyin da suka fi taushi, iska tana share garin. In an yi ruwa sai su cika. Duk wanda ya yi kiwo a ƙasar duwatsu ya san irin ruwan nan, ya kuma san ba ya daɗewa.

A cikin wannan ɗan ruwa mai gajeren kwana Allah ya ajiye al'umma guda. Durƙusa ka kafa ido. Da farko ba za ka ga komai ba sai yashi da inuwar fuskarka. Can sai ka ga wani abu yana motsi, siriri, garau har ana ganin cikinsa, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Ɗan ƙaramin dangin jatan lande ne. A rigingine yake iyo, bayansa ƙasa, ƙafafunsa sama suna kaɗawa bi da bi. Da su yake tuƙi, da su yake shaƙar iska daga ruwa, da su kuma yake tace abinci ya kai baki. Akwai ɗan'uwansa mai ɓawo biyu, yana buɗewa yana rufewa. Babu kogi a bisan dutsen, babu ƙorama, babu hanyar ruwan da ta haɗa kwarmin da tafkin da ke ƙasa. Su kuma ba fiffike gare su ba. To ina suke zuwa idan ruwan ya ƙafe?

Mutuwa suke yi, dukansu. Amma kafin nan uwa ta riga ta zuba ƙwai a ɗan yashin da ke gindin kwarmi. Ƙwan yana da taurin ɓawo, ɗan da ke cikinsa kuma yakan tsayar da duk aikin jiki, ba ci, ba girma. A watannin Yuli da Agusta falalen dutsen yakan yi zafin da ya haura digiri 50. Da hunturu ƙanƙara takan kwanta a kansa. Ƙwan yana nan. Irin wannan ƙwai yakan yi shekaru yana jira bai lalace ba. Ranar da ruwa ya jiƙa shi yadda ya kamata sai ya fashe, rai ya fito yana iyo. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba duka suke ƙyanƙyashewa a ruwan farko ba. Wasu sukan yi zamansu sai ruwa na biyu, ko na uku, ko na baɗi. Da duka za su fito lokaci guda, ruwan kuma ya ƙafe kafin su isa haihuwa, da iri ya ƙare a rana ɗaya. Manomin da ya taɓa yin shuka a ruwan farko, fari ya biyo baya ya ƙone ta, shi ya san darajar irin da aka rage a rumbu. Shi wahala ce ta koya masa. Wa ya koya wa ƙwan da ido da ƙyar yake ganinsa? Babu amsa sai ɗaya: wanda ya halicce shi, shi ya shiryar da shi.

Ba su kaɗai ke cikin kwarmin ba. Akwai wata 'yar ciyawa da take tsirowa a gindin ruwa cikin sanyin hunturu. Sai ta aiko da zare siriri zuwa sama, a kansa ganye biyu ƙanana suna yawo bisa ruwa, tsakaninsu fure fari guda, wanda sai an sunkuya ake ganinsa. Wajen Maris da Afrilu ke nan. Can ƙasa cikin ruwan kuma tana da wasu furannin da ba sa buɗewa, su kaɗai suke ƙulla iri. In ƙwari sun ziyarci furen sama, madalla. In ba su zo ba, tanadi ya riga ya kammala. Kusa da ita akwai wata mai ganye tsinke-tsinke, wadda masana ke kira Isoetes melanospora. A kan 'yan falalen duwatsu ƙalilan na wannan yanki kaɗai take a duk faɗin duniya, shi ya sa a 1988 gwamnatin Amurka ta sa ta cikin jerin tsirran da ake tsoron ƙarewarsu. Tsawonta bai wuce yatsa ba, amma danginta na da can itatuwa ne masu tsawon mita 30, su ne suka cika fadamun duniya, suka faɗi, suka zama gawayin kwal da ake haƙowa yau. Zamanin waɗannan itatuwa shi ne zamanin da dutsen yake narke a cikin ƙasa. Yanzu ga 'yar jikarsu zaune a bisa kansa cikin ruwan da bai kai idon sawu ba.

Yadda rai yake kama falalen dutse ma karatu ne mai zaman kansa. Mai fara sauka shi ne wani dabbare-dabbare mai ruwan toka da ke manne wa dutse, wanda za ka ɗauka tabo ne. Halitta biyu ce a haɗe, fumfuna da gansakuka: ɗaya tana riƙe ruwa tana kama dutse, ɗaya tana dafa abinci da hasken rana. Su suke fara ɓarɓasa fuskar dutsen. Bayansu sai wata baƙar gansakuka mai kama da ƙonannen abu. Zuba mata ɗan ruwa daga gora ka tsaya, kafin ka rufe bakin gorar ta fara komawa kore shar. Ita take tare ƙura da yashi har a sami 'yar ƙasa. In ƙasar ta yi kaurin yatsa sai wata ja wur mai ganye ɓul-ɓul ta kama, ta yi fararen furanni a ƙarshen hunturu. In ta ƙara kauri sai ciyayi masu tsayi, a cikinsu har da mai rawayan fure da ke rufe kafaɗun dutsen a watan Satumba, wadda ake yi wa biki a wurin kowace shekara. Sai can tsakiya, inda ƙasa ta fi zurfi, itace ya samu wurin kafa saiwa. Wani ƙaramin itacen ok mai sheƙin ganye, a nan aka fara gano shi a 1849, aka kuma sa masa sunan Jojiya. Kowane tsiro ya san iyakarsa, kaurin ƙasa ne yake raba musu gado. Tsibirin ciyawar da mutum zai tsallake da taku ɗaya yana iya zama aikin ɗaruruwan shekaru, takalmi guda kuma yana iya ɓata shi.

Mutane sun daɗe da sanin dutsen. 'Yan asalin ƙasar sun zauna gindinsa dubban shekaru, hanyoyin fataucinsu suna haɗuwa a wurin, sun kuma jera katangar duwatsu ta zagaye kusa da bisansa. A 1821 aka karɓe ƙasar daga hannun al'ummar Maskogi, waɗanda Turawa suke kira Creek, aka raba wa fararen fata ta hanyar ƙuri'a. Ba a jima ba aka kora su yamma mai nisa. Ƙauye ya kafu a yammacin dutsen, a 1839 aka yi masa rajista da sunan New Gibraltar, a 1847 aka mai da shi Stone Mountain. Wani mai suna Aaron Cloud ya gina hasumiyar katako mai tsawon mita 50 a bisa dutsen a 1838, yana karɓar kuɗin masu hawa, har ranar da guguwa ta kayar da ita. Jirgin ƙasa ya iso a 1845, sojojin Arewa suka ƙone tasharsa suka tumɓuke dogo a 1864, lokacin yaƙin basasa.

Da yaƙi ya ƙare sai dutsen ya zama abin ci. 'Yan'uwa biyu, William da Samuel Venable, suka saye shi a 1887 don fasa shi. Masu fasa dutse sun gane halinsa na ɗagowa falle-falle, sai suka bi shi ta nan. A huda rami, a zuba albarushi kaɗan, a tayar, gobe a ƙara, zafin rana yana taya su, har tsaga ta bi ta ƙarƙashi ta ɗaga falle mai faɗin fili. Sannan a jera ƙananan ramuka a layi, a sa tsinken ƙarfe a kowanne, a bi su da guduma ɗaya bayan ɗaya har dutsen ya rabe a miƙe. Gwanayen sassaƙa sun zo daga Sikotilan da Wales da Ingila. Aikin ƙarfi kuwa, ɗauka da huda da shaƙar ƙurar da ke cin huhu, yawancinsa ya faɗa kan baƙaƙen fata, 'yantattun bayi da 'ya'yansu, waɗanda suka kafa unguwar Shermantown a gefen garin. Da guminsu aka daɓe titunan Atlanta, dutsen ya kai har mashigin ruwan Panama da matakalar majalisar dokoki a Washington. Sai a 1978 aka daina fasa shi.

Nan kuma labarin ya yi duhu, ba kuma daidai ba ne a tsallake shi. A daren 25 ga Nuwamba 1915 wasu mutane ƙarƙashin William J. Simmons suka hau bisa dutsen, suka cinna wa gicciye wuta, suka farfaɗo da ƙungiyar Ku Klux Klan, wadda sana'arta tsoratar da baƙaƙen fata da kashe su. A wannan zamani ne aka ƙulla shawarar sassaƙa jagororin Kudu, waɗanda suka yi yaƙin 1861 zuwa 1865 don bauta ta ɗore, a fuskar dutsen ta arewa. Gutzon Borglum ya fara aikin a 1923, ya yi rigima da masu shi a 1925, ya farfasa samfuransa ya tafi. Shi ne daga baya ya sassaƙa shugabannin Amurka a dutsen Rushmore. Augustus Lukeman ya gaje shi, ya tarwatsa abin da ya bari, shi ma kuɗi da wa'adi suka ƙare masa a 1928. Aikin ya kwanta shekara 36. Jihar Jojiya ta sayi dutsen a 1958, daidai lokacin da shugabanninta suke turjiya ga hukuncin kotu na haɗa yara baƙi da fari a makaranta ɗaya. Aka koma aiki a 1964 da na'urar feshin wuta mai ɓantare dutse, aka gama a 1972.

A zanen mutum uku ne a kan dawaki: Jefferson Davis, Robert E. Lee da Stonewall Jackson. Tsayin zanen mita 27, faɗinsa mita 58, yana rataye wajen mita 120 sama da ƙasa. Ma'aikata sukan fake wa ruwan sama a cikin bakin doki. Ba na musun gwanintar hannun da ya yi shi. Amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba, don an ɗauki abin da Allah ya shimfiɗa wa kowa an mai da shi allon yabon masu sayar da 'yan Adam. Shekara kusan 50, da masassaƙa uku, da dukiya mai yawa, duk abin da aka iya taɓawa bai wuce eka 3 ba cikin 583. Dawakan nan kuma ba sa motsi, ba sa haihuwa. Ɗan jatan landen da ke bisa kansu yana yin duka biyun. Dokar jihar ta 2001 ta hana a goge zanen ko a sauya shi, ana kuma ta muhawara a kansa har gobe.

Sai dai al'amura sun juya ta inda masu cinna wutar 1915 ba su zata ba. A jawabinsa na 28 ga Agusta 1963 a Washington, Martin Luther King ya ambaci dutsen da sunansa cikin wuraren da ya yi fatan ƙararrawar 'yanci ta kaɗa. Yau akwai ƙararrawa a tsakiyar garin Stone Mountain don tunawa da wannan. A 1997 garin ya zaɓi Chuck Burris, baƙar fata na farko da ya zama magajin gari, gidan da ya zauna ciki kuwa tsohon gidan James Venable ne, wanda ya yi shugabancin Klan shekara da shekaru. A ƙidayar 2020 mutanen garin 6,703 ne, mafi yawansu baƙaƙen fata. A 2021 aka naɗa Rabaran Abraham Mosley shugaban hukumar da ke kula da dutsen, shi ma baƙar fata na farko. Gandun shaƙatawar da aka buɗe kewaye da dutsen a 1965 ya kai eka 3,200, da tafki, da jirgin ƙasa mai zagaye gindin dutsen, nan ma aka yi wasan tanis da harbin baka da tseren keke a gasar Olamfik ta 1996. Mutum wajen miliyan 4 ke zuwa a shekara. A cikin kayan kallonsa wanda ya fi kwanta mini a rai wata gadar katako ce mai rufi, da aka ɗauko daga garin Athens a 1965. Washington W. King ne ya gina ta a 1891. Ubansa, Horace King, an haife shi bawa, gwanintarsa ta gina gada ta sa aka san shi a jihohi uku, ya sami 'yanci a 1846, ya koya wa 'ya'yansa sana'ar. Da turakun itace aka haɗa sassanta, tana nan tana ɗaukar kaya, yanzu kuma sunan maginin take amsawa.

Bi layin dogo yamma kaɗan ka isa Clarkston. Ɗan gari ne da za ka ratsa da ƙafa cikin rabin sa'a. Tun wajen 1990 hukumomin tsugunar da 'yan gudun hijira suka ga yana da gidajen haya masu sauƙi, ga motar haya zuwa Atlanta, suka fara sauke mutane a nan: daga Biyetnam, Bosniya, Somaliya, Habasha, Eritiriya, Sudan, Kwango, Iraƙi, Afganistan, Bama, Butan, Siriya. A 2020 mutanensa 14,756 ne, kusan rabinsu a wata ƙasa aka haife su, ana jin harshe wajen 60 a titunansa. Ranar Juma'a Masallacin Al-Momineen yakan cika da sahu mai launi iri-iri, ranar Lahadi coci-coci suna addu'a da harsuna dabam-dabam. A nan wata 'yar asalin Jodan, Luma Mufleh, ta ga yaran 'yan hijira suna buga ƙwallo ba takalmi, ta kafa musu ƙungiyar Fugees a 2004, wadda daga baya ta haifi makaranta. Hanyar keke da ƙafa da ta taso daga Atlanta ta ratsa garin ta dire a gindin dutsen. Wanda ya hau shi ranar Asabar zai ga mata da mayafi suna jan yara, tsofaffi da sanda, samari suna gudu, duk a kan hanyar da 'yan Klan masu farin ƙyalle a fuska suka bi da dare a 1915. Tucker da ke arewa da garin ya soma ne da tashar jirgin ƙasa a 1892, bai zama birni mai cin gashin kansa ba sai 2016.

Kudu kuwa akwai Lithonia, garin da dutse ya raina. Kusa da shi akwai Arabia Mountain, falale mai faɗi wanda bai kai Stone Mountain tsayi ba amma ya girme shi da shekara wajen miliyan 100. Nasa dutsen zafi da matsi sun murɗa shi tun yana da taushi, jikinsa duk zane ne fari da baƙi a lanƙwashe. Da shi aka yi gefen tituna a biranen Amurka da dama. Da cinikin dutsen gini ya ja baya, sai wata kasuwa ta buɗe daga inda ba a zata ba. Kaza ba ta da haƙori, tsakuwar da take haɗiya ita take niƙa mata hatsi a cikin ƙundu. Kajin da aka kulle a gidan gona ba su da inda za su tsinci tsakuwa, Jojiya kuma tana cikin jihohin da suka fi kiwon kaji a Amurka. Sai masu kwarin Lithonia suka riƙa niƙa dutsen ƙanana-ƙanana suna ɗurawa a buhu suna sayar wa makiyaya. Dutsen da aka toya a cikin ƙasa shekara miliyan 400 da suka wuce, ashe cikin abin da aka tanade shi dominsa har da abincin kaza. Allah mai hikima.

Iyalan Davidson, masu kwarin, sun miƙa Arabia Mountain ga ƙaramar hukumar DeKalb a shekarun 1970, a 2006 kuma majalisar dokokin Amurka ta sa yankin cikin wuraren gadon ƙasa, tare da dutsen Panola da tsohuwar unguwar Flat Rock, wadda 'yantattun bayi suka kafa. Har yanzu ana ganin layin ramukan masu fasa dutse a jikin falalen, ruwa yana taruwa a gurbin fallen da aka cire, jar ciyawar nan ta fara kama wasunsu. Da yake ba a iya share hanya a kan dutse, masu kula da wurin sun gina tarin duwatsu a jere daga gindi zuwa bisa, mai tafiya yana bin su daga wannan zuwa wancan, ana kuma roƙonsa ya taka tsuran dutse kaɗai, ya kauce wa duk kwarmin da ke da yashi a ciki ko da ya gan shi a bushe.